Sau Nawa Ka Saurara Kafin Ka Ba Da Maki?

Ina aji biyar na sakandare, a 2010, aka damƙa mini shafin nishaɗi na jaridar bango ta makarantarmu. Jaridar ba wata aba ba ce, fallayen takarda huɗu ne da muke rubutawa da hannu mu manna a allon sanarwa duk safiyar Litinin. Amma a wajen yaro ɗan shekara sha bakwai, wannan allo sarauta ne. Da an tashi daga asambuli sai ka ga ɗalibai sun yi cincirindo suna leƙen abin da ka rubuta. Ni kuwa na lura da wuri cewa yabo ba ya tara jama'a kamar ba'a. Saboda haka na ƙirƙiro ba da maki: kowace waƙa, kowane fim, sai na yanka masa wani abu bisa goma, na bi shi da baƙar magana.

Ina da aboki da muke zama benci ɗaya tun aji ɗaya. Ba shi da surutu, amma hannunsa ba ya zama. In malami ya fita, sai ya mai da tebur ganga, ya riƙa fitar da kiɗa da leɓe da maƙogwaro har 'yan aji su waiwayo. A dogon hutun shekarar ya yi tsaron shagon kawunsa, ya tara kuɗin da suka ishe shi awa biyu a wani ƙaramin situdiyo. Burinsa ya yi waƙar bankwana da za a saka ranar yaye 'yan aji shida.

Abin da ya fito da shi bai yi kama da komai da muka sani ba. A lokacin, in aka ce waƙa, to kiɗan fiyano ne irin na fina-finan Hausa, namiji ya yi baiti mace ta amsa. Shi kuwa ya ce wa mai situdiyon ba ya son fiyano ko kaɗan. Gangar da bakinsa ya yi ta, tafi da bugun ƙirji suka riƙe masa sauti, sannan ya ɗora muryarsa a kan muryarsa har hawa biyar ko shida. A ƙarshe ya sa aka murɗa na'urar gyaran murya har iyakarta, muryar ta riƙa karyewa tana tsalle.

Na ji waƙar ne a bakin ƙofar makaranta bayan an tashi, daga lasifikar wata waya 'yar Caina, 'yan acaɓa na ta hon, mai rake na ta kiran ciniki. Ban kai minti ɗaya ba na miƙa wayar. Ranar Litinin na rubuta cewa waƙar kamar akuya ce ta faɗa cikin janareto, na ba ta biyu bisa goma. Kafin tara ta yi, sunan abokina ya koma Janareto. 'Yan aji ɗaya ma da ba su san fuskarsa ba sai da aka nuna musu shi. Ya je ya cire sunansa daga jerin masu wasa ranar bikin. Bai yi mini faɗa ba, bai ma daina gaishe ni ba. Tebur ɗin ne dai ya yi shiru.

Shekaru bayan haka, ina jami'a, na ci karo da wani labari da ya hana ni manta wannan Litinin. Labarin wasu Faransawa biyu ne 'yan birnin Faris, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo. Suna samari, su da wani abokinsu, sun kafa ƙungiyar kiɗan jita mai suna Darlin'. A 1993 wani mai sharhi a mujallar Melody Maker ta Ingila ya saurari kiɗansu ya kira shi shirmen hayaniya irin ta 'yan tawaye. Shekarunsu a lokacin sha takwas zuwa sha tara, wato sa'o'in 'yan aji shidanmu. Ƙungiyar ta watse, amma su biyun suka tsinci kalmomi biyu daga cikin zagin suka mai da su suna: Daft Punk. Kalmar farko ma'anarta wawa ko shashasha. Suka ajiye jita suka koma kiɗan rawa na na'ura, wanda ake haɗawa da injin ganga da fiyanon lantarki.

Kundinsu na farko, Homework, ya fito a 1997. Kiɗa ne mai kaushi, ganga mai nauyi, kalmomi kaɗan. Masu sharhi da masu zuwa gidajen rawa na Turai suka rungume shi, suna ganin ga yaran da suka riƙe kiɗan tsantsarsa ba gauraye. Kowa ya zauna jiran na biyu, kuma abin da ake jira shi ne ƙanin na farko.

A watan Maris na 2001 suka fitar da Discovery, waƙoƙi 14 da suka shafe kusan shekara biyu suna haɗawa a gidan Bangalter. Ba ƙanin Homework ba ne. Wannan karon murya ce a gaba, kuma muryar ba ta mutum ba ce zalla, ba ta inji ba ce zalla. A waƙar farko, One More Time, sun gayyato wani mawaƙi Ba'amurke da ake kira Romanthony, mai murya mai daɗi, amma suka bi da muryar ta cikin na'urar Auto-Tune har ta riƙa ƙyalli kamar gwangwani. A wata waƙar, muryar inji ce ke farawa da kalmomi ɗai-ɗai, tana ƙara sauri, har ta narke ta zama kamar jita. A wata kuma, tare da Todd Edwards, sun yayyanka gutsattsarin tsofaffin fayafai ƙanana-ƙanana suka jera su suka zama kiɗa. Su kansu a lokacin ne suka fara rufe fuskokinsu da hulunan ƙarfe, suna fitowa a siffar mutum-mutumi.

Bari in ɗan tsaya kan wannan na'ura, domin kun san sautinta ko da ba ku san sunanta ba. Wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, shi ya ƙirƙiro Auto-Tune, ta shiga kasuwa a 1997. Kafin nan aikinsa nazarin amsa-kuwwar sauti a ƙarƙashin ƙasa domin neman man fetur. Abin da na'urar ke yi shi ne ta auna tsayin muryar mawaƙi, in ya ɗan kauce sai ta ja shi zuwa gaɓar sauti mafi kusa. In aka sa ta ja a hankali, ba mai gane an yi gyara. In aka sa ta ja nan take, sai muryar ta daina gangarowa a hankali daga gaɓa zuwa gaɓa, ta koma tsalle kamar mai hawa matakala. An yi ta ne don ɓoye kuskure, amma tun daga waƙar Believe ta Cher a 1998 mawaƙa suka gano cewa tsallen ma ado ne. Shi ne sautin da ya cika waƙoƙin fina-finanmu. Shi ne kuma abokina ya murɗa har ƙarshe.

Jama'a sun karɓi Discovery. One More Time ta hau matsayi na ɗaya a Faransa, na biyu a Ingila. Masu sharhi ne suka rabu. Wasu sun yaba ƙwarai. Wasu kuwa, musamman masoyan kundin farko, suka ga kamar an ci amanarsu: ga zaƙi ya yi yawa, ga kwaikwayon kiɗan disko na shekarun 1970 da masu ji da kansu ke yi wa kallon arha, ga muryar gwangwani. Bangalter ya mai da martani cewa ƙorafin da ake yi kan Auto-Tune yana tuna masa ƙarshen shekarun 1970, lokacin da wasu makaɗa a Faransa suka nemi a hana fiyanon lantarki. Ya kuma bayyana cewa kundin komawa ne ga kunnen yarinta, lokacin da yaro ke son kiɗa don ya yi masa daɗi kawai, ba ya tambayar ko masana sun amince.

Sharhin da aka fi tunawa shi ne na Pitchfork, wata mujallar kiɗa ta intanet a Amurka da ta yi suna wajen ba da maki bisa goma, har da ɗigo. Wanda ya kafa ta, Ryan Schreiber, shi ya rubuta da kansa. Ya ga kalmomin waƙoƙin ba su da zurfi, irin na 'yan koyo ne, ya ɗauki kiɗan a matsayin abin da ba ya cutarwa amma bai kai a yi masa guɗa ba. Ya ba shi 6.4.

Daga nan sai lokaci ya fara nasa sharhin. A 2003 aka yi fim ɗin zane, Interstella 5555, tare da mai zanen Japan Leiji Matsumoto, wanda babu hira a cikinsa, kundin ne sautinsa daga farko har ƙarshe. A 2007 Kanye West ya ɗauki muryar injin nan ya gina waƙarsa Stronger a kanta, ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Yaran da suka taso da Discovery a kunne suka girma suka zama masu haɗa kiɗa, sautin da aka kira na gwangwani ya zama ruwan dare. A 2009, da Pitchfork ta jera kundaye 200 mafi inganci na shekaru goman, sai ta sa Discovery a na uku. A watan Fabrairu na 2021 Daft Punk suka sanar da rabuwarsu. A watan Oktoba na shekarar, mujallar ta fitar da jerin kundaye 19 da ta ce da za ta sake, da ta canza makinsu. Discovery ya tashi daga 6.4 zuwa 10.

Ranar da na karanta wannan na yi murna kamar ni aka ƙara wa maki. Na ce ga shi nan, masu sharhi ba su san komai ba. Sai da na ci gaba da duba jerin na ga abin da ya sanyaya mini jiki. A cikin 19 ɗin akwai wani kundin na Daft Punk, Random Access Memories na 2013, wanda ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 2014. Shi kuma rage masa aka yi, daga 8.8 zuwa 6.8. Mutane ɗaya, mujalla ɗaya, rana ɗaya: an ɗaga wanda aka raina, an sauke wanda aka kambama. Ashe darasin ba wai duk abin da aka kushe gwani ne ba. Darasin shi ne maki hoton kunnen mai saurare ne a ranar da ya saurara, kuma kunne yana girma.

Sannan na sake karanta sharhin 2001 ɗin da idon adalci, na ga mutumin bai yi abin da na yi ba. Ya saurari kundin. Ya faɗi abin da bai gamsar da shi ba, ya kawo dalili. Kalmomin kuwa da gaske ba su da yawa, ana ta maimaita su. Kuskurensa shi ne ya auna abu da mudun da ba nasa ba: ya nemi zurfin baiti a inda aka mai da murya kayan kiɗa. Wannan kuskure ne da za a iya gardama a kansa, a gyara shi ko bayan shekara ashirin. Ni kuwa ban auna komai ba. Na nemi abin da zai sa a yi dariya ne, na same shi a jikin abokina.

Akwai kuma bambancin da ya fi damuna. Mun saba jin labarin wanda aka zaga ya mai da zagin tsani, kamar yadda waɗannan Faransawa suka yi da sunansu. Labari ne mai daɗi, amma yana sa mai zagi ya ji kamar taimako ya yi. Su biyu ne, suna da juna, suna da kayan aiki a gida, mahaifin Bangalter ma mai haɗa kiɗa ne. Wanda ya zage su baƙo ne a wata ƙasa. Abokina shi kaɗai ne, kuɗin hutunsa gaba ɗaya ya zuba, kuma wanda ya yi masa ba'a shi ne wanda suke raba biro. Ba kowa ne ake jifa ya tsince dutsen ya yi gini ba. Wasu in an jefe su, gida suke komawa.

A hutun ƙarshen 2021 na neme shi. Yana da shagon gyaran waya a kasuwa, da yara biyu masu koyon aiki. Ya tare ni da fara'a, ya aika aka kawo mini lemo. Muka taɓa hirar makaranta, wane ya yi aure, wane ya shiga soja. Can na yi ƙarfin hali na ce, "Mutumina, ka tuna abin da na rubuta kan waƙarka?"

Bai ɗago daga wayar da yake kwancewa ba. Ya ce, "Janareto? Ai har yau akwai masu kirana haka."

Na ce, "Na zo ne in ba ka haƙuri. Ban kyauta ba."

Ya ajiye sukurdireba ya dube ni. "Wallahi ya wuce tuntuni. Amma tunda ka tayar, akwai abin da na daɗe ina so in tambaye ka. Sau nawa ka saurare ta?"

Na ce sau ɗaya.

"Har ƙarshe?"

Na yi shiru. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce, "Na sani. Ai a ƙarshen ne na jero sunayen 'yan bencinmu. Da ka kai wurin, da ka ji naka."

Na roƙe shi ya tura mini ita in saurara yanzu, a natse. Ya ce memorin da take ciki ya lalace tun muna makaranta, situdiyon kuma an daɗe da mai da shi shagon ɗinki. Babu ita ko'ina.

Wannan ne ya tsaya mini a rai har yau. Pitchfork ta iya gyara makinta domin kundin yana nan, kowa na iya komawa ya ji. Ni ba ni da abin da zan koma wa. Ban san ko waƙar abokina tana da kyau ba. Mai yiwuwa aikin ɗan koyo ce mai cike da kurakurai, kamar yawancin aikin farko. Mai yiwuwa kuma akwai wani abu a cikinta da ya riga kunnuwanmu. Ba zan taɓa sani ba, shi ma ba zai sani ba, domin mutum ɗaya da aka ba alƙalami ya yanke hukunci kafin ya ji shari'ar. Ba na cewa na hana duniya wani babban mawaƙi. Yana jin daɗin sana'arsa, ta kuma rufa masa asiri. Abin da na hana shi ƙarami ne amma nasa ne: waƙa ta biyu, wadda a cikinta zai gyara ta farko.

Ƙannena, na san a cikinku akwai waɗanda ba ruwansu da kiɗa, wasu ma a gidajensu ba a saurare. Ba kiɗan nake tallata muku ba. Yau kowannenku yana da allon sanarwar da ya fi nawa girma, a cikin waya. Wata za ta karanta waƙar da ta rubuta a gaban aji, wani zai zana hoto, wani zai haɗa 'yar mota da gwangwani da batir, wata za ta yi kuskuren Turanci a muhawara. Za a juyo a ji me za ku ce. Ba na ce ku yi ƙarya ku yabi abin da bai yi muku ba, domin yabon ƙarya ma rashin saurare ne. Ga dai abin da nake yi yanzu kafin in buɗe baki kan aikin wani.

Ina kaiwa ƙarshe, sannan in sake daga farko. Sauraron farko na mamaki ne, kunne yana neman abin da ya saba bai samu ba. A na biyu ne ake fara jin abin da ke wurin.

Ina tambayar kaina me mai aikin yake so ya yi, kafin in tambayi ko ya yi abin da ni nake so. Wanda ya dafa dambu ba a kushe shi don bai yi tuwo ba.

In zan kushe, ina nuna wurin: nan muryar ta rufe kalmomin, nan an maimaita har ya gundure ni. Irin wannan mai aikin zai iya ɗauka ya yi amfani da shi, ko ya yi mini gardama. Ba abin da mutum zai gyara da kalmar akuya.

Kuma ina raba aikin da mai shi. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu a Suratul Hujurati cewa an hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Na haddace ayar, na ci jarrabawa a kanta, amma ban ga ta shafi allon sanarwa ba sai da na ji wani ɗan kasuwa ya leƙo shagon yana cewa, "Janareto, an gama tawa?"

Ga masu yin aikin kuma, in an ba ku biyu bisa goma, ku tambayi mai makin sau nawa ya saurara. In ya kawo dalili, ku ɗauki na ɗauka. In ba'a ce kawai, ku bar masa kayarsa. Abu ɗaya nake roƙonku: kada ku goge. Ku adana aikin a wuri biyu, ku rubuta kwanan wata a jiki. Wanda ya yi muku dariya yau yana iya dawowa neman sa bayan shekara goma sha ɗaya, ku ma kuna iya son jin inda kuka faro.

Da zan tafi, abokina ya rako ni bakin titi. Muna tsaye muna jiran a-daidaita-sahu, na lura yatsunsa suna bugun murfin wayar da ke hannunsa, a hankali, bugu uku da tsayawa, bugu uku da tsayawa. Ban ce komai ba. Na bar mota biyu suka wuce, ina saurare.